Ga Mai Goyon da Ƙaiƙayi Ya Hana Barci

'Yata, na san abin da za ki ji a gida game da ƙaiƙayin nan. Wata za ta ce sanyi ne, wata ta ce nononki ne ya ɓaci, wata kuma ta aiko miki da sassaƙe a ƙulle. Ki karɓi maganarsu da ladabi, amma ki san abin da ke gudana a jikinki tukuna.

Lokacin da kike da ciki, jininki cike yake da wani sinadari da likitoci ke kira estirojin, wanda ke sa fata ta riƙe ruwa da maiƙo. Da mabiyiya ta faɗo, cikin 'yan kwanaki ya sauka. Sai firolaktin, mai kawo ruwan nono, ya karɓi ragama, kuma muddin yaro yana tsotso dare da rana, shi ke danne estirojin. Dalilin ɗaukewar al'ada ke nan, kuma dalilin da ya sa ƙwaurinki ya yi furu-furu kamar an barbaɗa masa toka. Gashin da kike gani a matsefi wajen wata uku ko huɗu da haihuwa, shi ma daga nan ne, kuma zai dawo. Nonon kansa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, don haka kada ki zauna shayarwa ba moɗa a gefenki.

Wankan jego fa, a nan nake so ki nutsu. Ba na raina abin da iyayenmu suka yi mana, sun yi ne don ƙauna. Sai dai tafasasshen ruwa safe da yamma, ana fyaɗa shi da ganyen darbejiya har kwana arba'in, yana kwashe ɗan maiƙon da ya rage wa fata. Za ki ji daɗi lokacin wankan, da an jima susar ta ninka, balle in haihuwar ta faɗo cikin hunturu. Tun a shekarun 1970 ma likitocin Zariya suka danganta tsananin zafin nan da yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Ki roƙi mai yi miki wankan ta sirka ruwan. Ki ajiye soso mai kaushi da sabulu mai ƙamshi, kada a ɗiga Dettol a bokiti. Da kin fito, tun jiki da danshi, ki murza man kaɗanya a tafin hannu har ya narke, ki bi ƙafa da ciki da baya. Man bilicin kuwa ki nisance shi: wani yana sirantar da fata, wani kuma gubarsa tana bi ta nono zuwa ga jariri.

Akwai susar da ba a faɗa saboda kunya. Bushewar nan tana kaiwa har gaba, da ƙaiƙayi da zafi lokacin kwanciyar aure. Ba lallai sanyi ba ne, kuma matsi yana ƙara fama wurin. Ki gaya wa ma'aikaciyar jinya, akwai abin da za ta ba ki.

In an zo yaye, jiki ya sake juyawa. Mu a da, rana ɗaya ake shafa maɗaci a kan nono, a ɗauki yaro a kai wa kaka. Uwa ta kwana nono ya cika ya yi tauri, fatarsa ta miƙe tana ƙaiƙayi, ga ƙuraje a fuska, ga kuka ba dalili, domin sinadaran da suka riƙe ta wata da watanni sun janye farat ɗaya. Ki bi a hankali. Ki janye shan nono ɗaya, ki bari 'yan kwanaki, sannan ki janye wani. In ya cika ki tatse kaɗan don ki sami sauƙi, ki ɗora tsumma mai sanyi, kada ki ɗaure shi tamau.

Amma ba kowace susa ake jira ta wuce ba. In kan nono ya yi ja yana raɗaɗi, bakin yaro kuma ya yi fari-fari, ku je a duba ku tare. Kircin da ya kama kan nono ɗaya ya ƙi warkewa, kada ki yi masa kawaici. Tafin hannu da na ƙafa suna ƙaiƙayi, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, wannan zancen hanta ne. In kuwa da dare ya fi tsanani kuma mutan ɗaki duk suna susa, ƙazuwa ce, kowa sai ya yi magani. Zazzaɓi da nono mai ja da tauri, ranar za ki tafi asibiti.

Ko a kemis, ki fara da cewa kina shayarwa. Piriton yana sa ke da yaron barci, yana kuma iya rage nono in an daɗe ana sha, shi ya sa likitoci suka fi ba mai goyo loratadin.