Darasinmu na Wannan Wata: Larabar Toka

Sau ɗaya a shekara, ranar wata Laraba, za ka iya haɗuwa da mutum a Kambarawa ko a kasuwar Katsina da baƙin tabo a goshinsa. Kada ka yi masa dariya. Kada kuma ka ce ya goge. Toka ce, kuma da saninsa aka shafa masa.

Wannan rana ita ce Larabar Toka. Kiristoci 'yan Katolika da wasu 'yan Angilika ne suka fi kiyaye ta. Ranar tuba ce a wurinsu. Da ita suke fara azuminsu na kwana 40 kafin bikin Ista. In ka ƙirga sosai za ka samu kwana 46, domin ba sa sa ranakun Lahadi cikin lissafi.

Daga ina tokar take? Akwai ganyen dabino ko na kwakwa da suke riƙewa a coci ranar Lahadin da ke gaban Ista. Ana adana shi har ya bushe. In shekara ta zagayo sai a ƙone shi. Fada, wato limamin coci, shi ke shafa wa kowa tokar da alamar gicciye. Yana tuna wa mutum cewa daga ƙasa ya fito, kuma ƙasa zai koma.

Azumin wannan rana ya bambanta da na Ramadan. Ana shan ruwa. Baligi ɗan Katolika yakan ci cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu. Amma ba ya cin nama, sai dai kifi. Saboda haka in ka miƙa wa maƙwabcinka tsire ya ce a'a, ba raini ba ne. A shekarar 2025 ma azumin biyu sun haɗu, domin Larabar Toka ta faɗo ranar 5 ga Maris, a makon farko na Ramadan.

A nan Katsina, 'yan Katolika sun samu bishop nasu a 2023. Sunansa Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi. Kafin nan suna ƙarƙashin Sakkwato ne. Amma a Nijeriya ba a ba da hutu ranar. Mutum ya je coci da sassafe, ya wuce wurin aikinsa da tokarsa a goshi. Shi ya sa kake ganinta a hanya.

Akwai ƙasar da abin ya sha bamban. Sunanta Jamaika. Tsibiri ce, wato ƙasar da ruwan teku ya kewaye ta ko'ina, can kudu da Amurka. Babban birninta Kinston. Mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, kuma yawancinsu jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne. Ta samu 'yanci daga Ingila a 1962.

A Jamaika ranar hutu ce ta ƙasa baki ɗaya. Makarantu da bankuna da ofisoshin gwamnati duk a rufe. Abin mamaki, 'yan Katolika kaɗan ne ƙwarai a can, amma kowa na hutawa. Masu ibada su tafi coci, wasu coci-coci su wuni suna azumi da addu'a. Wasu mutane kuwa, ka san halin ɗan Adam, bakin teku suke nufa su sha iska. Daga ranar gidaje da dama sukan rage nama su koma kifi har Ista.

Ka samu taswirar duniya a ajinku, ka nemo Jamaika. Tana kusa da Kuba.