Yadda Ake Kwaikwayon Ambaliyar Ruwa a Wayar Hannu

Kogin Haɗeja yana samun ruwansa ne daga kogin Kano, inda madatsar Tiga take, da kogin Chalawa, sannan ya biyo ta Wudil ya wuce ta Ringim. A daminar 2022 Ringim na cikin ƙananan hukumomin Jigawa da ambaliya ta fi yi wa ɓarna: gidaje sun rushe, gonaki sun nutse. A irin wannan lokaci tambayoyi biyu ne ke damun kowa: ina ruwan zai nufa, kuma yaushe za a gama kwashe mutane? Masu kwamfuta suna da hanyoyi biyu na gwada amsa, kuma ana iya koyonsu a waya.

Hanya ta farko: gidajen dara

A ɗauki taswirar gari a yanka ta gida-gida kamar filin dara. Kowane gida yana da lamba biyu: tsayin ƙasarsa da yawan ruwan da ke kansa. Doka ɗaya ce: a kowane zagaye, gida zai dubi maƙwabtansa huɗu, gabas, yamma, kudu da arewa, ya tura ruwa ga wanda ya fi shi ƙasa.

Misali, gida na farko tsayinsa 5, ruwansa 3, jimla 8. Maƙwabcinsa tsayinsa 4, babu ruwa. Bambancinsu 4 ne, sai na farko ya ba da rabi, wato 2, kowannensu ya koma 6. Idan kwamfuta ta maimaita haka a dubban gidaje, za a ga ruwa yana bin kwari yana kauce wa tudu, alhali ba wanda ya zana masa hanya. Daga nan sai a ƙara tsayin layi ɗaya a matsayin jinga, a ga unguwar da ta tsira da wadda ruwan ya koma kanta.

Masana na kiran wannan tsari selula otomata. John von Neumann da Stanislaw Ulam ne suka faro shi a Amurka a shekarun 1940, sannan John Conway ɗan Ingila ya shahara da shi a 1970 ta wasansa na Game of Life.

Hanya ta biyu: aukuwa bayan aukuwa

Nan ba a damu da fili ba, layi da lokaci ake dubawa. Agogon kwamfuta ba ya ƙirga kowace daƙiƙa, tsalle yake yi daga wannan aukuwa zuwa mai bi mata: kwale-kwale ya tashi, ya sauke, ya dawo.

A ɗauka mutum 60 ne ke jira a bakin ruwa, kwale-kwale ɗaya ne, yana ɗaukar 10, zuwa da dawowa minti 20. Zai tashi a minti 0, 20, 40, har rukunin ƙarshe ya tashi a minti 100. Idan aka kawo na biyu, rukunin ƙarshe zai tashi a minti 40. Wannan lissafi ne zai nuna kwale-kwale nawa ake buƙata tun kafin a matsu, don matsuwa ce ke sa a yi lodin da ya wuce ƙima.

Da me za a fara?

Google Sheets ya isa a gwada hanya ta farko: a zana gida biyar a tsaye, biyar a kwance, a yi zagaye uku da hannu. Manhajar Golly kuma tana nuna wasan Conway. Wanda ya fara koyon Python sai ya sauke Pydroid 3 a Play Store, ya saka SimPy a ciki, wadda aka gina don hanya ta biyu.

Sai dai kwaikwayo ba ya wuce lambobin da aka ba shi. Idan tsayin ƙasa kuskure ne, hanyar ruwan ma kuskure za ta fito. Saboda haka gwajin waya na koyo ne, batun tashi daga gida kuwa a bi gargaɗin NiMet da NIHSA.

Aikin gwaji: a lissafa minti nawa rukunin ƙarshe zai jira idan kwale-kwale uku ne.