Suna Ɗaya a Kowace Takarda

Ku da kuka aurar da 'ya'ya, kuka ga jiya kuka ga yau, ba sai an faɗa muku martabar malami ba. Abin da ya saura shi ne sanin hanyar da yaro zai bi kafin hukuma ta yarje masa ya karantar a babbar sakandare. Zai ci darussa 5 a WAEC ko NECO, har da Turanci, ya zauna JAMB, ya yi shekara 4 a jami'a irin ta Ahmadu Bello a Zariya ko ta Bayero a Kano, yana nazarin ilmin tarbiyya tare da fanninsa. Wanda digirinsa ba na malanta ba ne sai ya ƙara da diflomar PGDE. Daga nan TRCN, hukumar rajistar malamai da doka ta kafa a 1993, za ta jarraba shi ta ba shi shahada.

Amma ku sani, dukan wannan wahala harafi ɗaya yana iya tsayar da ita. Saboda haka wajibi ne sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama ɗaya a kowace takarda.

Wani maƙwabcina, ranar da ɗansa ya komo daga wurin rajista, uwar ta riga ta dama fura, ƙannensa na murna wai malam ya dawo, sai yaron ya zube a tabarma ya ce, "Baba, sun ce takarduna na mutum uku ne."

"Mutum uku? Ni rago ɗaya na yanka ran sunanka!"

Aka baje takardu. Nan Muhammadu, can Mohammed, a katin NIN sunan kaka ya riga na uba, ga shekara 2 da kawunsa ya rage masa, wai taimako. Uwar ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ai na faɗa maka, ka bar wa mai shagon kwamfuta ya rubuta yadda ya ga dama."

Sai da aka yi rantsuwa a kotu, aka buga sanarwa a jarida, aka yi ta safa da marwa, alhali abokan karatunsa tuni sun kama aiki. Abin da ke ba ni takaici, maƙwabtan da suka ga wannan da idonsu har yau suna aika yara rajista da suna a baki, ba a rubuce ba, wanda kuwa gafala ce tsagwaronta.

Ku da kuka iya karatu, uzuri ya ƙare. Kada ku sake suna, kada ku rage shekara, kada ku bari wani ya rubuta muku ba ku duba ba. Yau da dare ku ɗauko takardun yaranku, ku jera su kusa da fitila, ku bi su harafi bayan harafi.