An Sauke Maka Kaya, Ba A Sallame Ka Ba

Karatu: Littafin Ƙidaya 8:23-26

Wataƙila kana cikin dattawan da suke zama a inuwa da hantsi a Ladjifarani, ba wanda yake jiransu a wurin aiki. Ka fara da ɗaukar kaya a tashar jirgin ƙasa ta Parakou. Da aikin jirgi ya ja baya, ka koma yaron mota a hanyar Malanville, ka zama direba, ka taɓa sayen auduga, daga baya ka kama rumfa a kasuwar Arzeke. Yanzu ƙarfi ya ragu, fansho kuwa ko kaɗan ne ko babu. Da dare sai zuciya ta ce maka, ka yi ta tsalle daga wannan sana'a zuwa waccan, me ka tara? Wa yake bukatarka kuma?

Ni ban kai shekarunka ba, baba, saboda haka bari Maganar Allah ta amsa.

A karatunmu na yau Ubangiji ya ba Musa ƙa'idar aikin Lawiyawa. Mutum zai shiga hidimar alfarwa ta sujada yana da shekara 25, ya bar ta yana da 50. Aikin ba na wasa ba ne. Duk lokacin da jama'a suka tashi daga zango, su ne masu kwance alfarwa su ɗauke ta, 'ya'yan Kohat ma a kafaɗa suke ɗaukar kayayyaki masu tsarki, ba a ba su keken shanu ba. Allah da ya yi jikin mutum ya san kafaɗa tana gajiya. Shi da kansa ya yanka ranar hutu, don haka ritaya ba abin kunya ba ce.

Amma ka sake duba aya 26. Ba a ce wa tsohon Balawe ya tafi gida ya rufe ƙofa ba. An bar masa wuri kusa da 'yan'uwansa, ya taimake su wajen lura da alfarwa. Saurayi yana da ƙarfin ɗaga katako. Tsohon ne ya san wane katako ke shiga wane rami, gama ya kwance ya kafa shekara 25.

Garin nan ya ga irin wannan. A Parakou aka haifi Hubert Maga a 1916. Malamin makaranta ne a Natitingou, ya zama ɗan majalisa a Faransa a 1951, ya zama shugaban Dahomey na fari a 1960. Sojoji suka hamɓarar da shi a 1963. Ya dawo kan mulki a 1970, aka tsare shi daga 1972 har 1981. Kowa zai ce labarinsa ya ƙare. Amma da ƙasa ta shiga matsala, ya halarci babban taron ƙasa na 1990, a 1993 kuma ya shiga Kotun Tsarin Mulki, ɗaya cikin mutum bakwai, yana da shekara fiye da 75. Ba ina yabon siyasarsa ba ne, wannan aikin masu tarihi ne. Abin da nake so ka lura shi ne, wanda ya taɓa zama na ɗaya ya yarda ya zauna a jere da waɗansu.

Nan ne wahalar take. Tsofaffi da yawa a ikkilisiya suna so su taimaka, amma sai in su ne a gaba. In matasa suka yi abu dabam da yadda aka saba, sai fushi. Balawe mai shekara 50 kuwa dole ya tsaya yana kallo wani ya ɗauki abin da shi ya saba ɗauka, ya yi gyara da murya mai taushi.

To, ka lissafta sana'o'in nan da kake gani kamar ɓata lokaci. Ka san yadda ake ɗaure kaya a mota. Ka san lissafin kasuwa, ka kuma san yadda bashi ke cinye jari, domin ya taɓa cinye naka. Kana jin Dendi da Bariba da Faransanci. A majami'arku akwai yaron da ya zo daga Djougou ya karɓi babur bashi yana zemijan, bai san yadda zai raba kuɗin mai da na mai babur da na abinci ba. Akwai gwauruwa mai takardun mijinta a hannu, ba ta san ƙofar da za ta shiga a ofishin fansho ba, kai kuwa ka sha zuwa.

Kafin Lahadi mai zuwa, ka rubuta sunan mutum ɗaya cikinsu, ka yi addu'a dominsa, sa'an nan ka ɗauki sandarka ka je gidansa.