Ramin Mugunta

Wanda ya tashi daga Sabon Tasha, ya ƙetare Kogin Kaduna ya yi arewa, zai iske wani gidan tarihi da ake kira Arewa House. Nan ne gidan Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa.

Ran 15 ga Janairu, 1966, waɗansu hafsoshin soja suka ƙulla makirci. Da tsakar dare Manjo Nzeogwu da mutanensa suka auka wa gidan, suka kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu. Suka ce wai ƙasa za su gyara.

An taɓa yin irin wannan a birnin Rum, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa. 'Yan majalisa, su Burutus da Kasiyas, suka sossoke shugabansu Yuliyas Kaisar da wuƙaƙe, wai don su ceci ƙasa. Sai yaƙin basasa ya tashi, ya ci su duka biyu.

A Nijeriya ma yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Nzeogwu ya mutu a cikinsa. Bai ƙare ba sai 1970, bayan mutane da yawa sun hallaka.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.