Kete-Karachi, garin fatake da tsuntsaye

A birnin Kumasi, cikin ƙasar Gana, akwai wata babbar unguwa da ake kira Zango. Hausawa da yawa suna zaune a can. Kakannin wasunsu fatake ne masu neman goro. Kafin su sauka Kumasi, waɗansu sun yada zango a wani gari na bakin kogin Bolta, nesa, arewa maso gabas da Kumasi. Sunan garin Kete-Karachi.

A zamanin da, babbar kasuwar goro tana Salaga, a ƙasar Gwanja. Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna, ya yi watanni bisa hanya. A shekarar 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga. Kasuwa ta watse, fatake suka bazu. Da yawa suka nufi bakin Bolta, suka zauna a Kete, kusa da garin mutanen Karachi. Jiragen ruwa suna kawo gishiri daga Ada, ta bakin teku. Fatake suna saye, suna kaiwa arewa. Jamusawa sun mulki garin har 1914.

Wani babban malami ya zauna a Kete. Sunansa Alhaji Umaru. An haife shi a Kano wajen 1858. Ya karantar da almajirai masu yawa, ya rubuta waƙoƙi da Hausa da Larabci. Ya rasu a 1934.

Daga 1961 zuwa 1965 aka gina madatsar ruwa ta Akosombo don samun lantarki. Ruwa ya taru, ya zama tafkin Bolta, ɗaya daga cikin manyan tafkunan da mutum ya yi a duniya. Ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka. Mutane wajen 80.000 suka bar gidajensu. Tsohon garin Kete-Karachi ma ya nutse, aka sake gina shi bisa tudu.

Itatuwan da ruwa ya rufe sun bushe, amma har yanzu kawunansu suna waje. Masunta suna tsoronsu, domin suna fasa jirgi. Tsuntsaye kuwa sun sami wurin sauka. Zalɓe yana tsayawa shiru a bakin ruwa, yana jiran kifi. Belbela tana bin shanu, tana cin ƙwarin da suka tayar. Kirinjijiya tana tashi garke-garke da maraice, tana fito. Shirwa tana shawagi bisa masu shanya kifi.

Waɗansu tsuntsayen baƙi ne, kamar fataken da. Idan sanyi ya sauka a Turai, tsattsewa takan bar Faransa da maƙwabtanta, ta ƙetare teku da Sahara, ta zo Afirka neman ƙwari. Shamuwa tana yin sheƙa a garuruwan Nijar da damina. Idan ruwa ya ɗauke, sai ta yi kudu, ta ratsa ƙasashe da yawa. Duk inda ta sauka tana cin fara.

Tsuntsu mai doguwar tafiya yana bukatar zango, inda zai sha, ya ci, ya huta. Idan aka sare itatuwan bakin ruwa, ko yara suka kwashe ƙwai, ko aka harbe shi da danƙo, ba zai koma gida ba. Ranar da shamuwa ta ragu, fara ta ƙaru a gonar gero. Wanda ya kare tsuntsu a bakin Bolta ya taimaki manomin Maraɗi.

Kalmomi

kogi : le fleuve
tafki : le lac
goro : la noix de cola
zalɓe : le héron
shamuwa : la cigogne
tsattsewa : l'hirondelle

Tambayoyi

1. Me ya sa fatake suka bar Salaga?
2. Wane ne Alhaji Umaru? A ina aka haife shi?
3. Me ya sami tsohon garin Kete-Karachi?
4. Wane amfani shamuwa take yi wa manomi?

Aiki

Ku nemi kogin Bolta a taswira. Ku rubuta sunayen tsuntsaye biyar na garinku, ku faɗi lokacin da ake ganin kowanne.