Jaririn da Aka Kasa Gane Namiji Ne ko Mace: Kira ga Iyaye da Ungozomomi da Wanzamai

 

Duk mai riƙe da waya ya ga ƙurar da maganar jinsi take tayarwa a ƙasashen Turawa. A Janairun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a wani umarni da ya ce gwamnatinsa jinsi biyu kaɗai ta sani, namiji da mace. A Afrilun shekarar kuma Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa macen da dokarsu ta daidaito ta 2010 take nufi ita ce wadda aka haifa mace. Wasu suka yi murna, wasu suka fita zanga-zanga. Gardamar tasu a kan mutumin da halittarsa ta fito sarai ce, namiji ko mace, amma ya ce shi a ransa ɗaya jinsin ne, yana neman a sauya masa takardu ko a yi masa allurai da tiyata.

Ni malamar jinya ce kuma ungozomar asibiti, matan yankinmu na Mawashi da Kusada da Kankiya da jariransu su ne aikina. Abin da ke damuna shi ne, ƙurar can tana sauka a nan kan wasu bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, wato mata-maza. Da an ambace su a majalisa sai ka ji wani ya haɗa su da 'yan daudu, wani ya ce ai irin abin Turawan nan ne ya iso. Alhali kuwa ɗan daudu namiji ne mai cikakkiyar halitta da ya ɗauki ɗabi'ar mata, shi kuma mata-maza haka ya faɗo daga cikin uwarsa, bai zaɓa ba, ba a kuma yi shawara da shi ba. Wannan kuɗin goro da ake yi musu shi ke ƙara wa iyaye kunya su ɓoye jariri a ƙuryar ɗaki, kuma a cikin ɓoyon nan ne muke rasa rayuka.

Ga yadda abin yake. A kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai ƙwayoyin gado 46 da ake kira kuromozom, rabi daga uwa, rabi daga uba. Biyu daga cikinsu ne ke riƙe da maganar jinsi: mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. Uwa X kawai take bayarwa, maniyyin uba ne ke kawo X ko Y. To amma har ciki ya kai kusan mako shida, ba a bambance tayin namiji da na mace, tsari ɗaya suke da shi. Daga nan ne, in akwai Y, 'ya'yan maraina za su fara ginuwa, su riƙa fitar da sinadarin maza, shi kuma ya siffanta al'aura ta zama ta namiji kafin ciki ya cika wata uku. In babu wannan sinadari, ko jiki bai karɓe shi ba, sai al'aura ta bi tsarin mata. In kuma sinadarin ya yi wa tayin mace yawa, sai gabanta ya ɗauko kamar na maza. Matakai ne masu bin juna, ko'ina a cikinsu ana iya samun tangarɗa. Ƙididdigar likitoci ta nuna ana samun jariri guda a cikin kusan kowace haihuwa 4,500 zuwa 5,500 da ba a iya tantance jinsinsa da ido. Ke nan duk ungozomar da ta daɗe tana karɓar haihuwa tana iya cin karo da shi.

Wanda ya fi yawa cikin ire-iren wannan lalura, kuma ya fi haɗari, shi ne wanda likitoci suke taƙaita sunansa da CAH. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu mai fitar da sinadaran da ke riƙe gishiri da ruwa da sukari a jiki. In an haifi jariri wannan ƙullutu bai iya aikinsa ba, maimakon waɗancan sinadarai sai ya yi ta fitar da na maza. Jaririya mace, mai mahaifarta da ƙwayayenta lafiya lau a ciki, sai a haife ta ɗan tsakanta ya yi girma, leɓɓan gabanta sun haɗe sun yi duhu kamar jakar maraina, har a ɗauka namiji ne. Kusan uku cikin huɗu na masu nau'insa mai tsanani suna zubar da gishirin jikinsu ta fitsari. Kwanakin farko lafiya ƙalau, ana ta barka. Daga mako na biyu zuwa na uku sai jariri ya fara ƙin mama, ya yi ta amai, ya rame, maɗiga ta lotsa, jiki ya saki. In ba a yi gaggawa ba sai a wayi gari an rasa shi, a ce mayu ne, ko a ce nonon uwar ne ba shi da kyau.

An taɓa kawo mini wani jariri 'yan kwanaki bayan suna, an raɗa masa sunan maza, an yanka rago, an ci an sha. Kakar ce ta rungumo shi, mai jego na biye da ita ido ya kumbura. Suka ce amai yake tun shekaranjiya, an ba shi jiƙo bai tsaya ba. Da na kwance zanen goyon na taɓa inda 'ya'yan maraina ya kamata su kasance, sai na ji fata ce kawai, babu komai ta kowane ɓangare, fitsari kuma ta ƙasa yake fitowa. Na ɗago na dubi tsohuwar, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, wallahi tun ranar haihuwa muka gani. To in dangin uban suka ji, ina za mu sa kanmu?" Na ce mata, "Inna, maganar dangi ta jira tukuna. Yau ran jikanki muke nema." Aka sa ƙarin ruwa, muka tura su babban asibiti a ranar. Hoton ciki ya nuna mahaifa, gwajin jini ya tabbatar mace ce. Aka ɗora ta a kan magani, ta farfaɗo, daga baya aka sauya mata suna.

Maganin nan ƙwayoyi ne sanannu, haidrokotizon da fuludrokotizon, da ɗan gishirin da likita zai auna wa jariri. Sai dai shansa na tsawon rai ne, ba a tsallake rana, kuma in zazzaɓi ko gudawa ta kama yaro ana ƙara yawansa bisa umarnin likita. Yarinyar da ta samu wannan kulawa tana girma, ta yi al'ada, ta yi aure, da yawansu har su haihu. A sani kuma, jarirai maza ma suna zuwa da wannan ciwo, su kuwa gabansu daidai yake, babu alamar da za ta faɗakar da kowa. Don haka gidan da ake yawan rasa jarirai maza da amai a makonnin farko, a faɗa wa ma'aikacin lafiya tun ana awon ciki.

Gadonsa ake yi kamar yadda ake gadon sikila: sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar a ɓoye, sannan kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Shi ya sa ya fi bayyana a zuri'ar da auren zumunci ya yi yawa. Maigidan da zai ɗora wa matarsa laifi, har ya kai ga saki, ya sani rabin abin daga jikinsa ya fito.

Akwai kuma waɗanda ba a ganewa sai sun balaga. Wata za ta tashi mace sosai, ƙirji ya cika, amma al'ada shiru. In an bincika sai a tarar tana da X da Y, jikinta ne bai karɓar sinadarin maza, ba ta da mahaifa. Wannan a mace ta tashi, a mace za ta rayu, tana iya zaman aure, haihuwa ce dai babu. Wata kuma an raine ta a mace, tana isa balaga sai murya ta buɗe, ƙirji ya faɗaɗa, mazakuta ta bayyana, gari ya ɗauka cewa aljanu sun juya ta. Tun 1974 wata likita mai suna Julianne Imperato-McGinley ta bayyana dalilin haka, bayan binciken da ta yi a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika inda abin ya yawaita: namiji ne tun asali, wani sinadari ne ya yi ƙaranci yana ciki, balaga ta fito da abin da ke ɓoye. Saboda haka yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta ga al'ada ba, a kai ta a duba kafin a sa ranar aure. Sau da yawa dalilin wani ne daban mai sauƙi, amma gara a sani a gidan iyaye da a tona a ɗakin miji.

Addininmu bai bar wannan mas'ala a duhu ba. Malaman fiƙihu sun yi bayanin hunsa, wato mata-maza, tun ƙarnoni da suka wuce: a duba ta inda fitsari ke fita, in ya girma a duba gemu ko nono ko haila. Littafin Mukhtasar na Shaihu Khalil, wanda aka rubuta a ƙarni na 14 kuma ake karantawa a zaurukanmu har gobe, da wannan mas'alar ya rufe, inda aka ba wanda lamarinsa ya rikice rabin rabon namiji da rabin rabon mace a gado. Shari'ar da ta yanka wa mutum rabo a dukiyar ubansa ba za ta yarda a mayar da shi abin nuni da baki ba. A 1989 kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta fitar da matsaya: wanda halittarsa ta cika namiji ko mace bai halatta a sauya shi ba, amma wanda halittarsa ta haɗa biyu, ya halatta a yi masa magani ko tiyata a daidaita shi da ɓangaren da ya rinjaya, domin wannan neman waraka ne. Abin da malaman da suke nema ta hanyar alamu, yau gwajin jini da hoton ciki suna taimakawa a gano shi tun yaro yana zanen goyo.

Su kansu likitoci suna da tasu muhawarar a kan lokacin tiyata. A da ana gaggawar gyara al'aura tun ana jariri, sai wasu suka girma suka ce an yi musu kuskuren jinsi, ko an bar su da tabo da raɗaɗi. Ƙasar Malta a 2015 da Jamus a 2021 sun taƙaita irin wannan aiki ga yaran da ba su isa a ji ta bakinsu ba, sai in akwai lalurar da ba ta jira. Wasu likitocin da iyaye kuma suna ganin a inda jinsi ya tabbata, gyara da wuri ya fi wa yaro sauƙin rayuwa cikin jama'a. Abin da na tsaya a kai shi ne: maganin ceton rai ba ya jira ko na kwana ɗaya, wuƙa kuwa sai bincike ya kammala, ƙwararru sun zauna da iyaye an yi shawara. Abin da aka yanke ba ya dawowa.

Nan ne nake roƙon iyayenmu wanzamai. In an kira ku cire angurya ko kaciya kuka ga halittar da ba ku saba gani ba, don Allah ku mayar da aska cikin zabira. Yanke ɗan tsakan da ya yi girma yana jawo zubar jinin da zai iya kashe jaririya, kuma bai taɓa ciwon da ke saman ƙodarta ba. Dama dokar tarayya ta 2015 ta hana yi wa mata kaciya. Haka yaron da kafar fitsarinsa take ƙarƙashin mazakuta, kada a yi masa kaciya, domin da wannan fatar likita zai yi masa gyara.

Ga ungozomomi da iyaye kuwa, ga abin da nake so a riƙe:

1. A duba gaban kowane jariri da kyau cikin haske ranar da aka haife shi. In namiji ne a taɓa a ji 'ya'yan maraina biyu. In babu ko ɗaya, ko siffar ta rikice, a je asibiti a ranar, kada a jira suna.

2. Kada a yi saurin shelar jinsi. In 'yan barka sun tambaya, a ce jariri ba shi da lafiya, likita na dubawa. In an riga an raɗa suna, sauya shi ba laifi ba ne, Manzon Allah (SAW) ya sauya wa sahabbai sunaye.

3. Amai da ƙin mama da lotsawar maɗiga a makonnin farko ba na jiƙo ba ne, na ƙarin ruwa ne.

4. A fara da asibitin da ya fi kusa ko Babban Asibitin Kankiya, a karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Gwaje-gwajen suna cin kuɗi da lokaci, don haka dangi su sa hannu.

5. Mu ma'aikatan lafiya, sirrin nan amana ce. Babu ɗaukar hoto, babu kai labari gida.

Malamanmu da masu unguwanni, ku taya mu faɗa a masallatai da wuraren suna, domin maganarku ta fi tamu isa kunnen magidanta. Wanda kuma ya san wani babba da ke fama da wannan a ɓoye, ya gaya masa a asirce cewa har yanzu ana iya duba shi. Yaran nan 'ya'yanmu ne, Allah ne ya halicce su, kuma zai tambaye mu yadda muka riƙe su. A kawo su asibiti da wuri. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.